Gawo, Malfa da Tawada: Abin da Mai Zane Ya Ɗebo Daga Ƙasar Gobir

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyarmu, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi wa waɗanda suka taso daga Isa da Sabon Birni barka da hanya, domin kowa ya san abin da hanyar nan ta zama.

Lokacin da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin bana, sai da na juya ambulan na sake duba sunan, don na zaci kuskure aka yi. A cikinmu akwai likitoci da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati. Duk aka tsallake su aka ɗauko wanda aka sani da ɓata bayan littafin lissafi da zanen raƙuma. Malaminmu na lissafi ga shi can yana murmushi. Allah ya gafarta malam, na yafe bulalar, kuma har yau ban iya lissafin ba.

An ce in yi magana a kan sana'ata, wato zane, da yadda nake ɗebo ta daga ƙasarmu da itatuwanta da al'adun mutanenta. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma tun da wuri ina roƙon afuwa, domin akwai wurin da maganar za ta taɓo bori, akwai kuma wurin da zan tona wa kaina asiri.

Da muka bar wannan makaranta na tafi Zariya karatun zane. A can na tarar ana ta ba da labarin wasu ɗalibai da suka kafa ƙungiya a 1958, tun kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Abin da suka tsaya a kai shi ne, a karɓi dabarar da Bature ya zo da ita, amma a zuba mata abin da aka gada a gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai. Sai wani malami ya dube ni wata rana ya tambaye ni, to kai Bagobiri, me ka zo da shi daga gida? Wallahi na rasa amsa. Na iya zana tuffa a kan faranti, alhali ban taɓa cin tuffa ba. Na san sunayen masu zanen Italiya. Amma da za a ce in faɗi da me dukawan garinmu suke rina jar fata, sai dai in yi shiru. Abin da na zo da shi daga gida kawai shi ne tsagar da ke fuskata, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, ita ma a lokacin kunyarta nake ji.

Abin da ya fara buɗe mini ido ɗakin karatu ne. Na tarar ashe an daɗe ana rubutu a kanmu ba mu sani ba. Wani Bature mai suna Tremearne ya buga littafi a kan bori tun 1914, kuma yawancin abin da ya rubuta a wurin Hausawan da ke zaune a Tunas da Tarabulus ya samo shi. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru a kwarin Maraɗi yana nazarin zaman Gobirawa da Katsinawa da Anna, ya fitar da babban littafinsa a 1975. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta nata a kan borin matan Maraɗi a 1972. Wannan fanni shi ne ake kira ilimin nazarin al'umma da al'adunta. Na sa wani abokina ɗan Nijar yana karanta mini Faransancin yana fassarawa, ni kuwa ina jin sunayen abubuwan da kakata take ambata muna yara muna yi mata dariya: buɗin daji, shan kabewa, Inna, Sarkin Noma. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo. Daga Sabon Birni zuwa Tsibiri tafiyar yini ce a kan doki, amma ni sai da na bi ta Faransa kafin na isa.

Kun san tarihin ya fi ni. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kangonta yana nan a ƙasar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sai gida ɗaya ya rabu biyu, rabi ya koyi Turanci rabi ya koyi Faransanci. Ruwa ne kaɗai bai san da layin ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya dawo mana ya faɗa Rima. Ta wancan gefen kuma Bunsuru da Gagare suna gangarowa ta yankin Isa. Zanen farko da na yi wanda na ji nawa ne, na wannan gulbin ne, da laka da na ɗebo daga bakinsa na yi shi.

Daga nan na ajiye fentin kanti na koma makarantar masu sana'a. A wurin marina na ga yadda ake jiƙa baba da toka a rijiya har shuɗi ya fito. Majema suka nuna mini aikin bagaruwa, dukawa kuma suka nuna mini karan dafi, wanda da shi ake samun jan nan da ya sa fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda suke kiranta fatar Maroko don ta can take bi kafin ta isa gare su. Saiwar rawaya ta ba ni ruwan ɗorawa. Magina suka ba ni makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa a shafe bango. Baƙi kuwa ban sha wahalarsa ba, tun muna makarantar allo mun san a kankare bayan tukunya a haɗa da ƙaro a sami tawada. Farar ƙasa da jar ƙasa kuma sai dai ka sunkuya ka ɗiba.

To a nan ne maganar muhalli ta shigo mini, ba tare da na neme ta ba. Wanda yake sayen fenti a gwangwani bai damu da ko an yi ruwa bana ba. Amma ranar da launinka ya zama daga itace yake fitowa, dole ka san halin da itacen yake ciki. Duk shekara sai na ƙara nisa kafin in sami ɗorawa. Bagaruwar da muke tsinka a bayan gari sai ga shi ana sayen 'ya'yanta a kasuwa da mudu. Rijiyoyin rini da na sani guda-guda suka zama bola. Mu da muka ga farin 1973 muna yara, muka kuma ga na 1984 da hankalinmu, mun san yadda dabbobi suka zube, aka sassare itatuwa don a ba su ganye ko a sayar da icce a sayi hatsi. Ruwa ya dawo, itatuwan ba su dawo ba.

Bari in ɗan tsaya a kan gawo, domin shekara da shekaru ina zana shi ban gaji ba. Kowane itace da damina yake yin ganye, shi kuwa gawo da damina yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara kamar ya mutu. Sai rani ya yi, kowa ya bushe, sa'an nan ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna bar wa gona kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Kakanninmu ba su karanta kimiyya ba, amma sun ga itacen da ya saɓa wa sauran, suka girmama shi. Haka kuma tsamiya da kuka, aka ce gidajen iskoki ne, ba a sara, yaro ba ya zuwa gindinsu da tsakar rana. Haka buɗin daji, wanda kafin a yi shi ba mai shiga farauta, ko ba komai naman daji ya sami lokacin hutawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a koma tsoron iskoki ba, Allah ya kiyashe mu. Abin da nake cewa shi ne, wannan tsoron shinge ne, kuma da ilimi ya zo ya kawar da shi, sai muka bar gonar a buɗe. Alhali muna da shingen da ya fi shi ƙarfi. Malamanmu na addini suna nan, su ne suka karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi an rubuta masa sadaka. Sau nawa muka ji an yi huɗubar Juma'a a kan wannan? Ni dai a iya yawona ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

'Yan uwanmu na tsallaken iyaka sun riga mu farkawa. Tun wajen 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da yake aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Suka sa masa suna sassabin zamani. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Na je na gani da idona, na zauna a wata gona na zana gawo goma sha a takarda ɗaya ba tare da na motsa daga inda nake ba. Ƙasarsu ɗaya da tamu, ruwansu bai fi namu ba.

Yanzu sai wurin da na ce zan tona wa kaina asiri.

Ina saurayi, jinina yana tafasa da littattafan nan da na karanta, na bi wani ɗan uwan mahaifiyata zuwa wani ƙauye a bakin iyaka inda ake shan kabewa. Masu goge suna yi, masu ƙwarya suna yi, ƙura ta tashi. Akwai wata mace a cikinsu, ba yarinya ba, wadda da bori ya hau ta sai fuskarta ta sauya gaba ɗaya. Na laɓe a gefe na zana ta. Ban gaishe ta ba, ban nemi izni ba, ban ma san sunanta ba. Na koma na mayar da shi babban zane, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau, duk wanda ya san ta zai gane ta. Wata Baturiya ta saya a Legas da kuɗin da ya fi albashina na wata shida. Daga baya wani kamfani ya buga shi a kalanda, kalandar nan kuwa ta yi yawo har ta iso kasuwannin yankinmu, aka rataye ta a shagon mai shayi.

Abin da ban sani ba, a tsakanin nan matar ta tuba ta bar bori, ɗanta ya kai ta Makka, jikokinta suna makarantar Islamiyya. Sai ga kakarsu a bangon mai shayi, ido a juye, yara suna nunawa. Ɗan uwan mahaifiyata ya aiko aka kira ni, ya kai ni har ɗakinta. Na durƙusa na ce, “Inna, na yi laifi.” Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, “Ɗan nan, ni na tashi daga wurin, kai ko ka ɗaure ni can.” Na bi shaguna na saye kalandar da na iya samu na ƙone, amma wa ya san iyakar inda ta kai? Ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Ta ce ta yafe, ni ne dai har yau abin bai sake ni ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan rami ba. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi suna wajen ɗaukar fim a Nijar, ya fitar da wani fim a 1955 a kan 'yan Nijar masu borin Hauka da ke ci-rani a Akara ta ƙasar Gana. Da aka nuna shi a Faris, 'yan Afirka da suka kalla ransu ya ɓaci ƙwarai, suka ce ya nuna baƙar fata kamar dabba, gwamnatin Ingila kuma ta hana nuna shi a Gana don ta ga ana kwaikwayon gwamnanta. Shi baƙo ne, yana da uzurin baƙunta. Ni fa? Ni ɗan gida ne, kuma a ganina laifin ɗan gida ya fi, domin shi ba a rufe masa ƙofa.

Wadda ta nuna mini mafita mace ce, kuma ta rasu tun 1864. Ina nufin Nana Asma'u 'yar Shehu. Kun san a daular Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta wadda take shugabantar mata da 'yan bori, kuma cikin alamunta akwai malfa. Da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan ƙauye, sai ta riƙa naɗa wa kowace ƙungiya shugaba da ake kira jaji, ta ba ta malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato, ta yi bayanin wannan a littafinta na 1989. Ku duba hikima. Matan Gobir sun san mai malfa ita ake saurare. Nana ba ta ƙone malfar ba, ba ta kuma bar ta da ma'anarta ta da ba. Ta ɗauki abin da ido ya saba da shi ta ɗora masa sabon kaya, ba ta kuma kunyata kowa ba. Ban taɓa samun darasin zane da ya kai wannan ba, har a Zariya.

Tun daga lokacin na daina zana fuskar mutum a irin wannan aiki. Wannan ya kuma raba ni da gardamar da nake yi da wasu abokaina, ciki har da na wannan ɗaki, a kan hukuncin zana mai rai. Yanzu abin da nake zanawa shi ne sawun da aka bari: malfa a rataye, inuwar tsamiya, da'irar da ƙafafu suka yi a ƙura bayan an watse, zanen bayan ƙwarya, layukan tsagarmu da na mayar kamar kunyoyin gona. Idan kuwa zan ɗauki wani abu na mutane, sai na zauna da su, na faɗa musu inda zai je, idan an sayar na kai musu rabonsu. Wani lokaci su ce a'a, in naɗe takardata in tafi. Kuma ina yawan aiki ina sauraren Narambaɗa, don shi ma daga ƙasar nan ya ɗebi kayansa. Mutumin Tubali da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir Amadu na Isa, dawaki da namun daji da gulabe ya tara ya gina waƙar da har jami'o'i suke nazari. Da yawa daga dabbobin da yake yi wa sarki kirari da su, jikokinmu sai dai su gan su a hoto.

Jama'a, da a shekarun baya ne, da nan zan tsaya. Amma yau rabona da bakin gulbin da na ɗebi lakar farko ya fi shekara biyar. Tun wajen 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka ƙasar Maraɗi gudun hijira. Ba mu manta da kisan da aka yi a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020 ba, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a Disambar 2021. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka sayar da gona suka fanshi ɗan uwa. A irin wannan hali mutum yana jin nauyin ya tsaya gaban jama'a yana maganar launi, ni ma na ji.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne wani tsoho marini da na tarar a Sakkwato yana gadin shago. Ƙauyensu ya tashi. Na tambaye shi ko 'ya'yansa sun koyi rini, ya ce ina rijiyar, ina baban? Ka ga idan ƙauye ya watse, gidaje ana iya sake ginawa in Allah ya kawo lafiya. Amma wanda ya san wace tsamiya ce aka kafa garin a gindinta, wane fadama ne ba a nomawa sai an yi kaza, wace ƙasa ce ake ɗiba don tukunya, idan ya mutu a sansanin gudun hijira ya tafi da abinsa. Wannan karon kuma babu wani Bafaranshe da zai zo ya rubuta mana.

Saboda haka ga aikin da na sa a gaba, ga kuma roƙona. Ina haɗa wani babban zane a kan ƙyallen saƙi, ƙwarya-ƙwarya kamar yadda masaƙa suke fitar da shi. Kowace ƙwarya ta gari ɗaya ce, da ƙasar garin zan shafe ta, in rubuta sunansa da ajami da boko da tawadar allo, tare da sunayen itatuwan da aka san shi da su. Na sami ƙasar garuruwa kaɗan, saura da yawa. Ban ce kowa ya jefa kansa cikin hatsari ba, don Allah kada a yi. Amma idan wani naka zai fito daga gida, ya ƙullo maka ƙasa cikin leda, ko cikin cokali uku ce ta isa. Idan kuma akwai tsoho ko tsohuwa daga ƙauyenku da ke zaune a gidanka yanzu, ka ɗauki wayarka ka nemi izninsa, ka tambaye shi itatuwan garinsu da wuraren da ake jin nauyi da dalilin haka, ka naɗi muryarsa. Idan ya ce kada a ambaci sunansa, ba za a ambata ba.

Na yi magana da shugaban makaranta, ya yarda idan an gama a rataye zanen a wannan ɗakin taro. Ya kuma gaya mini akwai ɗalibai masu hannu amma ba su da kayan aiki, na ce masa zan riƙa zuwa sau ɗaya kowane zango in nuna musu yadda ake haɗa launi da abin da ke bayan makaranta. Ƙullin ƙasa da muryoyin da aka naɗa a miƙa wa sakatare, a rubuta sunan garin a jikin ledar da biro, don ƙasar Isa da ta Gatawa idan sun bushe sai ka lura sosai kafin ka bambance su.